Ƙwayar Waken Mainasara

"Lahiya lau nit tashi, in ban da mugun abin da idanuna sunka hwara gani."

"Madubi kad duba ke nan da sassahe, Kaka?"

"Ke nig gani. Shigo, 'yar takarda, kin tsaya min bakin zaure kamar mai jiran sadaka."

Ranar kasuwar Wurno ce, cikin bazarar shekarar nan da ake ta cewa Turawa sun kusa tattara komatsansu su tafi. Hutun makaranta ya ƙare. Motar Halliru da ke tasowa daga Goronyo tana tsayawa bakin kasuwa ta yi oda sau uku, wanda oda ta uku ta same shi bai hau ba, to shi da Sakkwato sai wata kasuwar. Uwa kuwa, shekararta goma sha biyar, tuni akwatinta na kwano yana can tasha a hannun innarta. An aiko ta ne ta yi wa kakanta Mainasara sallama, ta karɓo albasar guzuri. Aikin da bai wuce shiga da fita ba, amma wa ya taɓa shiga zauren Mainasara ya fita da wuri? Tsoho ne manomin albasa, bakinsa ya fi albasar yaji, kuma tun Uwa tana rarrafe babu abin da ke shiga tsakaninsu sai tsiya.

Ta same shi ya baje faifai a cinya, ya zazzage wani tsohon gora mai cike da toka, yana tsintar waken iri saboda damina.

"Inna ta ce ka ba ni albasa."

"Zamna."

"Ba ni zama, mota na tahe."

"To tsaya wuri guda. Tun da kis shigo kin kai bango kin dawo sau huɗu. Ƙuda ya shigam miki zane?"

"Warin tsuhwa na ka kora ta."

"Warin arziki dai. Wanga warin shi yab biya sadakin kakarki, kuma da don ita ba, da yanzu ke ba ki ko cikin lissahi."

Uwa ta yi tsaki, ta leƙa waje, ta dawo. Gaskiyar magana ba motar ce ta hana ta sukuni ba, abin da ke cikin motar ne. Kwana ashirin ke nan tana ɗauke da magana a ciki, ba ta faɗa wa kowa ba, tana ganin ta iya ɓoyo.

Mainasara ya ɗaga ƙwayar wake ya duba ta a haske, ya gyara murya, ya maƙale ta siririya kamar ta yarinya.

"Ya ku 'yan'uwana ɗalibai! Na tsaya gabanku yau ba don na hi kowa ba..."

Wayyo! Sai da Uwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kaka! Laɓe kaka yi min?"

"Ni? Garkata nika ban ruwa bayan gida. Ke ta kit tara min awaki ga turke kullum da hantsi kina yi musu wa'azi. Baƙar akuyar nan tun shekaranjiya ta ƙi cin harawa, jira takai a naɗa ta Galadima."

"Karatu nikai."

"Awo, karatu. Bunsuru ma ya ce in gaya miki shi ya yarda, amma a rage tsawo."

"Bunsurun ya hi ka hankali, shi bai kai tsegumi."

"Hwaɗa min dai. Wace sarauta ta kika nema ga awakina?"

Ta ga ba mafita. Ta tsuguna, ta miƙe, ta sake tsugunawa, sannan ta fayyace masa. Babbar malamarsu, wata Baturiya, ta ce bana ba za ta naɗa shugabar ɗalibai da kanta ba, 'yan makaranta ne za su zaɓa. Duk mai so, ranar da aka koma za ta tashi gaban makaranta gaba ɗaya, ta faɗi sunanta da bakinta, ta faɗi abin da za ta yi in an ba ta.

Mainasara ya ajiye faifai, ya tafa hannu.

"Sarauta! Ashe jinin mulki muke, ba a gaya min ba! Tashi, jawo buhun can na dama, manya-manyan. A kai ma Baturiya gaisuwa. Ba a neman rawani hannu sake."

"Ba a kai gaisuwa."

"To buhu biyu."

"Kaka, ba ita ka zaɓe ba! Ƙore za a aje, kowace mai takara da ƙwaryarta, a bayan allo. Kowace yarinya ta shiga ta jefa wake cikin ƙwaryar wadda take so. Wadda wakenta yaf hi yawa ita tac ci."

Tsohon nan ya dube ta, ya dubi faifan da ke gabansa. Sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da ɗa namiji.

"Wake?"

"Wake."

"Wanga waken da nika nomawa? Ke, Allah ya kashe ya ba ki! Rumbu guda gare ni bayan ɗaki ban taɓa ba! Ɗauko tiya. A'a, ɗauko kwando. Ki cika ƙwaryar taki har ta tumbatsa, ragowar ki yi musu alala ranar naɗi."

"Innalillahi! Ƙwaya ɗai-ɗai malama za ta raba, da hannunta, ta ƙidaya kawuna ta ƙidaya wake."

"Ɗai-ɗai? Kai, Turawa da rowa! Mulkin ƙasa guda ga hannunsu, wake ya gagare su."

"Kai da an bar maka zaɓe, da kaji ma sun yi ƙuri'a."

"Da sun zaɓi mai hankali."

Can daga bakin kasuwa oda ta tashi, doguwa. Ta farko ke nan. Uwa ta juya wajen ƙofa. A cikin motar nan akwai Kyauta, 'yar ƙauyen Boyekai, shekararta tara, ƙaramar ɗakin kwanansu a makaranta. Ita da sauran ƙananan ne suka zagaye Uwa ranar da za a ba da hutu, suka ce ta tsaya musu. Manyan 'yan aji ke tura su rijiya tun da asuba, su ɗebo musu ruwan wanka, su wanke musu kaya, kafin su dawo koko ya ƙare sai su shiga aji da yunwa. Biyu sun riga sun gudu gida ba su dawo ba. Kyauta ta rantse in wannan zangon ma haka ne, ita ce ta uku. Uwa ta san tana sa ƙafa a mota abin da yarinyar za ta fara tambaya, kuma amsar da ta tanadar mata ba mai daɗi ba ce.

"Ba ni albasata in tahi. Ni ba ni tsayawa ma."

"Mi kic ce?"

"Na hwasa. Kaltume ta Rabah za ta tsaya, ta ishe su."

"Ita Kaltumen rijiya taka zuwa da asuba, ko aike takai?"

Uwa ta ɗago da sauri.

"Har wannan kaj ji?"

"Awaki ba su da sirri. To, aike takai ko?"

"Aike takai. Amma tana da baki, kuma tana da jama'a."

"Ke kau bebiya ta. Shekara goma sha biyar kina cin mutuncina, ban taɓa jin kin yi in'ina ba."

"Kai daban! Kai ai ba mutum ba na, kaka na. Can mutum ɗari da ashirin za su zuba min ido. In tashi tsaye in yabi kaina, in ce ku zaɓe ni? Cewa za a yi ɗiyar Attahiru ba ta da kunya, ta tahi boko ta sai da ita. Kahin in dawo hutu magana ta riga ni isowa Wurno."

"Ta iso. Mu ba ta tabarma."

"Wasa kakai, ni kau cikina ciwo shikai tun jiya!" in ji Uwa. "Kuma don mi? Zaɓen da anka yi kwanan baya, wace mace anka ba ƙuri'a garin nan? Inna tuwo tat tuƙa muku kunka ci kunka tahi. In manyan mata ba su isa su jefa takarda ba, ni wa ta da za ni tsaya neman wake?"

Mainasara ya jawo faifan. Ya sa yatsa yana juya waken cikin toka.

"Ranar nan da kika hwaɗi, sun sa ni cikin ɗan zana ni kaɗai, ga akwatuna jere, ga 'yar takarda ga hannuna. Kin san abin da niy yi? Juyawa niy yi in tambayi Maiɗaki, kakarki, wanne za ni sa. Shekara ukku da rasuwarta, amma sai da nij juya. Shekara arba'in ban shuka ba, ban girbe ba, ban aurar ba, sai na ji ta bakinta. Ran nan nit tsaya kamar jaki ga mararraba har ɗan doka yal leƙo ya ga ko na mutu."

"Da ka mutu da an huta."

"Da kin yi kuka har majina. Abin da nika gaya miki, sun ba wawan gida takarda, mai wayon kau ko tana da rai ba su ba ta. In ku ba ku koya da wake ba, ran da takardar taz zo hannunku mi za ku yi da ita? Ku ƙunsa daddawa?"

Maiɗaki ita ce kakar Uwa, matar Mainasara ta fari, kuma sunanta aka sa wa Uwa ranar suna. Da yake Attahiru ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa ba, sai gida duka aka koma kiran yarinyar Uwa. Shi kuwa tsohon, tun auren saurayi da budurwa bai taɓa kiran matar da sunanta a gaban mutane ba, sai Maiɗaki. Haka sunan ya zauna a gidan kamar kayan cikin adaka, kowa ya san yana nan, ba mai taɓawa. A makaranta ma rajista kaɗai ta san shi.

"Batun kunya kuma," in ji Mainasara, "rijiyar da kunka sha yau da sahe, wa yas sa anka gina ta?"

"Mai unguwa."

"Mai unguwa na wancan zamani barci shikai! Kakarki ta tara matan unguwar ga, talatin da wani abu, kowace da tulunta wayam, sunka jere su ƙohwar gidanai sunka zamna. Kwana ukku bai samu hanyar hita masallaci ba sai ta bayan gida. Wata shidda ana ce mata marar kunya. Ni kaina sai da nid daina zuwa dandali."

"Ashe matsoraci na kai."

"Babba ma. To gadon wa za ki ɗauka, nawa ko nata? Ga kunnuwana dai kin riga kin kwashe, Allah ya ba ki haƙuri."

Dariya ta kuɓuce wa Uwa ba ta shirya ba. Kafin ta haɗiye ta, oda ta biyu ta tashi. Ta zabura ta yi ƙofa, ta dawo, ta rasa abin da ta dawo ɗauka.

"To ko na tsaya ma, ba ni ci. Ƙananan ba su kai rabi ba. Kuma ni nawa waken ga ƙwaryar Kaltume za ni sa shi."

"Ga ƙwaryar wa?"

"Haka ya kamata. Mutum ya zaɓi kainai? Ai rashin ta ido na."

Mainasara ya dafe kai da hannu biyu.

"Jama'a ku zo ku gani! Na aika ɗiya boko ta dawo da wauta sabuwa hil! Ke in kin noma gona, rumbun maƙwabci kika kai gero don kar a ce kin cika son kai? Yarinya 'yar shekara tara ta jefa miki nata, ke ki kwashi naki ki kai ma mai aiken ta rijiya?"

"Ba haka nika nuhi ba..."

"Haka na! Miƙo hannunki."

"Albasa za ka ba ni ga tahin hannu?"

"Miƙo, 'yar nema."

Ta miƙa. Ya daɗe yana tona faifan, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye, ita kuwa kunnenta yana bakin kasuwa. Daga ƙarshe ya zaro ƙwaya ɗaya, fara sol mai baƙin ido, ya hure tokar, ya ɗora mata.

"Duk rumbun da kay yi alkawari ya dawo ƙwaya guda? Wa ac ce Turawa ka rowa?"

"Wanga ba na rumbu ba na. Irin gora na. Kakarki taz zo da shi daga gidansu cikin kayan aure, ita ka zaɓen shi da hannunta duk shekara, ba ta bari ko ni in taɓa. Tun da tat tahi nika riƙon shi, ban bari ya ɓace ba." Ya naɗe mata yatsu a kan ƙwayar. "Malama ta ce ɗai-ɗai, to ɗai-ɗai ɗin. In ta ba ki nata, ki aje mata abinta. Wanga za ki jefa. Ba naki ba na balle ki yi kunya da shi, nata na. Ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. In kin ga dama ki kai ta ƙwaryar mai aiken yara rijiya, ni dai ba ruwana, ku gamu can."

Uwa ta dubi ƙwayar nan. Tunda take da tsohon nan bai taɓa cin ta da yaƙi irin na yau ba. Ta kwance bakin kallabinta, ta ƙulle waken, ta ja ƙullin da haƙori.

"Wannan zamba ta, Kaka."

"Siyasa ta. Yanzu hwaɗi, in kin tashi gabansu mi za ki ce? Awaki sun ce kullum in kin zo wurin suna sai ki tsallake."

"Sai in ce ni ta Uwa Attahiru."

"Uwar wa? Wa kih haihwa? Suna anka ce."

"Ba ni iyawa. Ban taɓa jin shi ga bakin kowa cikin gidan ga ba. In na zo hwaɗi sai in ji kamar na zagi Baba."

"Gwada."

Ta motsa leɓe. Abin da ya fito ko ƙudan da ke kan albasa bai ji ba.

"Mi? Ciwon haƙori kikai?"

"Kai ka hwaɗa mana, in sauƙi gare shi! Shekara arba'in kana Maiɗaki, Maiɗaki, kamar ɗakin ba shi da mai suna!"

Tsoho ya buɗe baki, ya rufe. Ya kawar da kai yana kakkaɓe tokar da ba ta zuba masa a riga ba.

"Ka gani? Matsoraci jikan matsorata!" in ji Uwa. "Sai mun dawo!"

Ta fice da gudu, don ta ji Halliru ya tada inji, oda ta uku ce kawai ta rage. Ta wuce turken awaki, ta wuce rijiya inda mata ke ja da guga, tana gab da shan kwanar masallaci ke nan sai murya ta tsaga unguwar daga bayanta, irin muryar da yake korar tsuntsaye da ita a fadama.

"Safiyatu!"

Ta tsaya cak. Matan rijiya suka saki guga. Wata tsohuwa a cikinsu ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu," don ita ta san mai sunan ta farko. Uwa ta waiwaya. Ga Mainasara tsaye bakin zaure ba hula, faifan wake ya kife a ƙafarsa bai ko kula ba.

"Safiyatu nic ce! Kurma ta ke?"

"Na'am!" Ba ta san lokacin da ta amsa ba, kuma da ƙarfin da bai gaza nasa ba.

"To haka aka hwaɗin shi! In kin rage mishi ƙarhi ban yahe ba!"

Dariya da hawaye suka haɗe mata wuri guda.

"Na ji, tsoho, ka ci! Na tsaya! Mi yas samu idonka?"

"Toka ta! Ke, albasar hwa?"

"Ka ba awaki, su sunka hwara zaɓe na!"

Oda ta uku ta same ta da ƙafa ɗaya a kan taya, innarta tana turo akwati tana faɗa. Ba ta gama zama a kan buhunan ba sai ga ɗan hannu ya kamo mata zane. Kyauta ce, ta yi zuru-zuru, da alama tun Goronyo take riƙe da tambayar.

"Yaya Uwa, kin tsaya?"

Ta taɓa ƙullin bakin kallabinta, ta ji ƙwayar tana nan.

"Yaya Safiyatu za ki ce. Ki gaya ma sauran, kar su ɓata ƙwarya."